Za a haɗa ɗalibaina da wani aji ta bidiyo don zaman lafiya: in karɓa?

Malamar Aji Biyu:
Assalamu alaikum. Ina koyar da darasin zamantakewa a wata ƙaramar makarantar kuɗi a Tudun Wada, nan Kaduna. Wata ƙungiya ta zo mana da tayi: duk Laraba, minti 40, za a haɗa 'yan ajina na JSS 2, su 34, ta kiran bidiyo da wani aji a Sabon Tasha, har zango guda. In abin ya yi kyau, zango na gaba a haɗa mu da wani aji a Kenya. Za a fara da hirar abinci da wasanni, daga baya a gangaro kan addini da zaman tare. Su za su kawo tsarin darasi da mai jan ragamar hirar. Kwamfuta, lasifika, data da wuta a kanmu suke.

Mai makaranta ya ce in dai ba daga aljihunsa ba ne, bismillah. Tambayata biyu ce. In nemi iyaye su ba da naira 1,000 kowa, ko in fara da wayata in ga kamun ludayin abin? Sannan kira ɗaya data nawa yake ci? Abin ya tsaya mini a rai, domin na tambayi yaran wa ya taɓa cin abinci a gidan Kirista, biyu kaɗai suka ɗaga hannu. Ranar Litinin zan ba da amsa.

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam. Malama, kada ki yarda a sa wa yara waya a hannu. Ɗan yayata daga "zan duba aikin gida" ya koma kwana a TikTok.

Malamar Aji Biyu:
Ba waya za a ba su ba, ɗan'uwa. Allo ɗaya ne a gaban aji, ina tsaye a wurin.

Tsohon Ɗan Kwana:
Mu da muka yi makarantar haɗaka ta gwamnatin tarayya ba mu san wani bidiyo ba. Gadona na sama, na wani yaro ɗan Inyamurai na ƙasa, shekara biyar. Garin kwakinmu ɗaya, sukarinmu ɗaya. Da azumi shi yake tashina sahur. Don haka aka yawaita makarantun nan bayan yaƙin basasa, don haka kuma aka kafa bautar ƙasa a 1973. Sabo sai da kwano ɗaya, 'yata.

Mai Cajin Waya:
Kan data: kira na minti 40 a Zoom, in ba a ƙure kyan hoton ba, bai fi rabin giga ba. Kuma na kyauta dama minti 40 ɗin yake yankewa, shi ya sa suka ce miki haka. MiFi, wato ƙaramar na'urar raba intanet, na sayo wa wani 20,000 kwanan nan. Ki sayi data ta wata, kada ki yi ta kullum.

Hajiyar Lesson:
Wane rabin giga? Ni ina koyar da yara karatu ta bidiyo, awa ɗaya tana lashe mini kusan giga biyu. MiFi kuma 35,000 na saya, da rasit ɗina.

Mai Cajin Waya:
Hajiya, naki mai 5G ne ko kuma an yi miki tsada. Ki shiga saiti ki kashe HD.

Baban 'Yan Mata, Jos:
Malama, ki bar maganar giga, ki saurare ni, domin ni abin ya faru a cikin gidana.

'Yata ta fari tana da shekara 14 aka sa ta a irin wannan. Mu muna Unguwar Rogo, sauran yaran daga unguwannin Kiristoci. Kin san Jos tun rikicin 2001, aka ƙara a 2008 da 2010, kowa ya tattara ya koma cikin nasa. Wata uku suna haɗuwa ta allo. Aka haɗa ta da wata yarinya, suka shaƙu sosai. Ta koya mata kitso ta bidiyo, ita kuma ta koya wa tawa wata waƙar makaranta. Da Sallah yarinyar ta turo gaisuwa har da ni. Wallahi na ji daɗi, na ce ashe za mu ga wannan rana.

Ranar rufewa aka raba riguna masu hoton kurciya, aka ɗau hotuna, aka buɗe musu zaure a WhatsApp, yara wajen sittin. Daga nan masu shirin suka ce kuɗin aikin ya ƙare. Lambar admin ta daina shiga. Aka bar yara su kaɗai a ciki.

Bayan 'yan watanni aka kai hari wani ƙauye. Cikin dare hotunan gawarwaki suka fara shigowa zauren. Wani yayan ɗaya daga cikin yaran ya karɓe wayar ƙaninsa ya turo saƙon murya yana zagin addininmu. Namu ma suka rama, ba zan ɓoye ba, abin da wani yaronmu ya rubuta ko a bakin babba ya yi muni. Ƙarfe biyu na dare na ji shessheƙa, na tarar da 'yata ta cusa kai cikin filo, wayar uwarta a hannunta tana haske. Da safe ƙawar tata ta fita daga zauren, ta toshe lambarmu, ko sallama babu. Rigar kurciyar tana ƙasan akwati har yau, ba ta sake taɓa ta ba.

Gara a ce ba su taɓa sanin juna ba. Da can tsoron baƙo take yi, yanzu tana jin ƙawarta ce ta guje ta.

Ɗan Rigasa:
Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan.

Uwar Yara a Sabon Tasha:
Baba, Allah ya sanyaya zuciyar yarinyar nan. Ina roƙonka kada ka yanke wa ƙawar tata hukunci. Ni Kirista ce, kuma na san yadda ake yi a gidajenmu: in dare irin wannan ya zo, uwa ce take fizge waya ta toshe kowa. Wataƙila ita ma ta yi kukan.

Malama, ni ina gefen da za a haɗa ku da shi. An haife ni a Tudun Wada, rikicin 2000 ne ya tsallakar da mu kogi. Ɗana bai taɓa ganin gidan da aka haife ni ba, kuma kuɗin mota kaɗan ne tsakaninmu. Ya san sunayen 'yan ƙwallon Ingila kaf, amma ya taɓa tambayata wai da gaske ne in ya shiga unguwarku ba zai fito ba. Ki karɓa. Kenya ma ki bar ta tukuna.

Bakanon Asali:
A fara haɗa Kanawa da Zazzagawa. In an samu suka yarda wa ya fi wani iya Hausa, sauran duniya mai sauƙi ce.

Ɗan Zazzau:
Mun yarda, amma ku za ku sayi datar, tunda ku ne masu kasuwa.

Mazaunin Ingila:
Abin nan ba sabo ba ne. A 1988, ana tsakiyar zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, aka haɗa makarantu 12 na Mosko da 12 na jihar New York, daga nan ne iEARN, ƙungiyar da ke haɗa makarantun ƙasashe ta intanet, ta samo asali, kuma tana nan har yau. Abin da ya riƙe irin waɗannan shi ne malami da malami ne suke ƙulla hulɗar, yara kuma suna da aiki ɗaya da suke yi tare. 'Yata a nan ajinsu sun yi da wata makaranta, ba a taɓa ba su lambar kowa ba. Matsalar da Baba ya faɗa ta zauren da aka bari babu babba ce.

Baban 'Yan Mata, Jos:
Kai da kake inda ba a ɗauke wuta, ba a ƙona gidan maƙwabcinka ba, za ka gaya mini inda matsala take? A 2018 hotunan ƙarya aka yaɗa a Facebook kan rikicin Barikin Ladi, har da hoton da aka gano daga wata ƙasa aka ɗauko shi, kuma an rasa rayuka. BBC ta yi bincike a kai. Manya ma bai bar su ba, balle yara.

Mazaunin Ingila:
Baba, ban raina abin da ya same ka ba. A Kawo na girma, ina Kaduna a 2000.

Hajiyar Lesson:
Ni dai a ganina malamai da iyayen da suka gwada su ne za su yi magana. Masu labarin makarantar kwana ta shekara arba'in baya su ɗan saurara.

Tsohon Ɗan Kwana:
Hajiya, jikokina shida. Ina da bakin magana.

Uwar Yara a Sabon Tasha:
Baba, a wannan rikicin na 2018 ɗin dai Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa a ƙauyen Nghar. Ɗana bai san labarin ba sai da na nuna masa a waya. Wayar ɗaya ce.

Baban 'Yan Mata, Jos:
Liman ya san mutanen nan ido da ido, shekara da shekaru, gona ɗaya, kasuwa ɗaya. Ba wata uku a allo ba. Malama, in har za ki yi, ki sa su rubuta miki a takarda wa zai riƙe yaran bayan sun tafi. In suka fara kame-kame, ki sallame su. Kuma ko da wasa kada a buɗe zaure.

Mushe na Maraɗi:
Sannunku 'yan'uwa. Ni na gwada da kaina, babu wata ƙungiya. Ni da wani abokina malami a Katsina muka haɗa 'yan lakwal ɗinmu, waya ɗaya a jingine da kwalin alli, yara suna zuwa gabanta uku-uku. Nasu suna dariyar lissafinmu da Faransanci, namu suna dariyar ƙirgarsu da Turanci. Da aka yi juyin mulki a Yulin 2023 aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke mana wuta, sai na ce a dakata. Yaran ne suka matsa. Muka riƙa kai waya caji wurin mai sola. A kira na farko wata yarinya daga can ta tambaya, "Kuna fushi da mu?" Ajina ya yi tsit, sannan wani ya ce, "Ke kika kashe wutar?" Aka fashe da dariya. Jika biyu nake kashewa a wata, ban taɓa karɓar dala ta uwaye ba. In kika karɓi kuɗi, duk ranar da kira ya yanke sai an zo miki ƙorafi.

Mai Cajin Waya:
Ka ga maganar gaskiya, wuta. Malama, makarantarku tana da sola? Don Laraba da rana ba na jin za ki samu wuta. Mu nan an ce muna Band A, tun Afrilun 2024 ake cajinmu kuɗin masu awa 20, jiya awa shida muka gani.

Hajiyar Lesson:
Shida? Ai kai sarki ne. Taransifomarmu wata biyu ke nan da ƙonewa, an karɓi 5,000 gida-gida, har yau shiru. Ga data an ƙara mata kashi 50 a farkon 2025. Rabin abin da nake samu a lesson can yake tafiya.

Ɗan Birnin Gwari:
Ku kuna da sabis ɗin da za ku yi kuka da tsadarsa. A 2021 da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, sai mutum ya yi tafiya mai nisa kafin ya ji muryar ɗansa. Har yanzu akwai ƙauyukan da sai an hau tudu.

Ɗan Rigasa:
Mu 3,000 aka karɓa na taransifoma, kuma an gyara cikin sati biyu. Ku bincika kwamitin unguwarku, Hajiya.

Hajiyar Lesson:
Kwamitin ai mijina yana ciki. Ka iya bakinka.

Malamar Aji Biyu:
Na gode muku duka. Baba, na karanta naka sau biyu, na kuma rubuta tambayarka a takardar da zan kai musu. Mama ta Sabon Tasha, in Allah ya yarda zan so mu yi magana. Ba mu da sola, janareto ne ƙarami, shi ma sai lokacin jarrabawa ake tayar da shi. Har yanzu dai ban san giga nawa zan saya ba, rabi ko biyu?

Mai Cajin Waya:
Janareton naku wane iri ne? In ƙaramin nan ne, kada ki jona kwamfuta kai tsaye, zai ƙona miki caja. Hajiya, ke kuma taransifomar taku mai ƙarfin nawa ce?