Idan aka tura akwatuna biyu a jere, nawa ne ƙarfin da ke isa ga na gaba?

Malamin darasin yamma, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ɗalibaina masu shirin JAMB sun kawo mini wata tambaya ta fiziks. Akwatuna biyu ne a jere suna taɓa juna a kan daɓe mai santsi wanda babu gogayya a kansa, na farko kilo 2, na biyu kilo 3, sai aka tura na farkon da ƙarfin niyuton 20 (niyuton ma'aunin ƙarfi ne), ana neman ƙarfin da yake danna na biyun da shi. A ganina amsar 20 ce, domin akwatin farko hanya ce kawai da ƙarfin yake bi, kuma ƙarfi ba ya ɓacewa.

Malama, Samaru: Wa alaikumus salam, Malam. Da dukkan girmamawa, wannan amsa ba za ta tsaya ba. Tun da akwatunan tare suke tafiya, sai a ɗauke su tamkar abu guda mai kilo 5, kuma bisa dokar motsi ta biyu ta masanin kimiyya Niyuton, wadda ta ce ƙarfi shi ne yawan kilon abu sau ƙaruwar gudunsa, idan aka raba 20 da 5, gudunsu yana ƙaruwa da mita 4 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Daga nan a ware akwati na biyu shi kaɗai: babu abin da ke tura shi gaba sai ɗan'uwansa, don haka ƙarfin da ke tsakaninsu shi ne 3 sau 4, wato niyuton 12. Da a ce na farkon ya miƙa 20 ɗin duka, da na biyun ma ya mayar masa da 20, jimlar ƙarfin da ke kan na farkon ta zama sifili, to me zai sa gudunsa ya ƙaru? Dokar rashin ɓacewa ta makamashi ce, babu irinta a kan ƙarfi.

Ɗalibi, Sabon Gari: Malama, Allah ya ƙara ilimi, amma a nan ne kaina ya ɗaure. Idan na farko yana danna na biyu da 12, na biyu kuma yana danna na farko da 12 ta baya kamar yadda doka ta uku ta ce, ashe ba su kashe juna ba ke nan?

Malama, Samaru: Ba su kashe juna ba, ɗana, domin ba a kan abu ɗaya suke aiki ba. Ɗaya yana kan akwati mai kilo 3, ɗayan yana kan mai kilo 2, kuma ba a haɗa lissafin ƙarfi biyu sai idan jiki ɗaya suka hau. Dubi na farkon: 20 ta gaba, 12 ta baya, saura 8, wanda shi ne daidai 2 sau 4. Niyuton da kansa, a littafinsa na 1687, ya kawo misalin doki mai jan dutse da igiya, inda dutsen ma yake jan dokin baya da ƙarfi daidai wa daida, amma wannan bai hana su tafiya ba.

Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, Sabon Gari: Ni ban yi nisa a lissafi ba, amma maganar Malama ta dace da abin da masu aikin dogo suka sani. Idan kan jirgi ya fara tura taragu a tasha, mahaɗar da ke kusa da shi ce ta fi shan matsi, saboda dukan jerin yana gabanta, ta ƙarshe kuwa tarago ɗaya kacal take turawa.

Malamin darasin yamma, Tudun Wada: Na ji, Baba, na kuma ji Malama, sai dai ban sauka gaba ɗaya ba. A jingina akwati na biyu da bango, a tura na farkon da niyuton 20 a kan wannan daɓen, nawa zai isa? Sannan a zahiri babu daɓen da ba shi da gogayya, saboda haka ina zargin 12 ɗin nan ta takarda ce kawai.

Malama, Samaru: A kan bango kana da gaskiya, Malam, 20 ɗin duka za ta isa, amma dalilin shi ne babu abin da ke motsi, don haka akwatin farko ba ya buƙatar wani kaso domin ƙara gudunsa. Wannan wata tambaya ce dabam da wadda ɗalibanka suka kawo. Ga abin da zai gwada ra'ayinka: a koma ɗaya ɓangaren a tura mai kilo 3 da niyuton 20 ɗin nan, ƙaruwar gudun tana nan a 4, amma abin da ke tsakaninsu ya koma 8, alhali da hanya ce kawai, da bai kamata ya canza ba.

Batun gogayya kuwa ya fi ban sha'awa. A ce akwatunan iri ɗaya ne, suna zamewa, daɓen yana riƙe kowane kilo da niyuton 2. Gogayyar duka 10 ce, saura 10, ƙaruwar gudu ta sauko zuwa 2. Akwati na biyu yana buƙatar 6 don ƙara gudu da wata 6 don rinjayar gogayyarsa, jimla 12, ba ta canza ba.

Ɗalibi, Sabon Gari: To Malama, idan ƙasan na gaban ya fi kaushi fa, a ce daɓen yana riƙe shi da niyuton 11, na bayan kuma 4?

Malama, Samaru: A nan za ta canza. Gogayya 15, saura 5, ƙaruwar gudu 1, sai ka haɗa 3 da 11, ka samu 14. Malam, ka ba ɗalibanka wannan su tabbatar da ita ta ɓangaren akwatin farko.