Banɗakin kasuwarmu ya gagare mu, a ba mu shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa a wata ƙaramar kasuwa da ke bayan garin Kano. Shekara huɗu ke nan da aka gina mana banɗaki mai ƙofa shida, uku na maza uku na mata. Aka yanke ƙyalle, aka ɗauki hoto, aka watse, ba a ce ga wanda zai kula da shi ba. Yanzu ƙofa biyu sun ɓalle, rami ɗaya ya cika, wari kuwa har rumfar mahauta. Sau uku muna aikin gayya ranar Asabar ɗin tsaftar ƙarshen wata, amma kafin mako ya zagayo an koma gidan jiya. Mata sun daina shiga, almajirai da 'yan dako sai su zagaya bayan katanga. Ga damina ta ƙarato, ina tsoron amai da gudawa. Yaya za mu yi?

Tsohon duba-gari:
Wa alaikumus salam. Malam sakatare, ban ji ka ambaci ruwa ba, kuma a nan gizo yake saƙar. Duk banɗakin da mutum zai shiga ya tarar babu ruwa a buta, to ko mala'ika ka sa gadi sai ya lalace. Ku fara da tanki ko manyan duro biyu, ku yi yarjejeniya da ɗan garuwa ɗaya ya riƙa cikawa safe da la'asar. Sai ramin da ya cika: ku kira motar zuƙe masai, ko 'yan gidan kowa da akwai, wato masu kwashe masai da hannu, idan mota ba za ta iya shiga ba, amma ku tambayi inda za su zubar kafin ku biya, don wasu kwata mafi kusa suke juyewa. Ku duba bututun iska. Ya kamata ya zarce rufi da kamar rabin mita, a ɗaure masa raga a baki saboda ƙuda. Yawancin warin da kuke ji daga nan yake. In akwai rijiyar da ake sha a kusa, a auna, kada tazarar ta gaza mita 30. Tsoronka yana kan hanya: a 2021 kwalara ta kashe mutum fiye da 3,000 a Najeriya, Kano da Bauchi da Jigawa suna cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Wata mai abinci:
Don Allah a sa mace a ɓangaren mata. Ba ƙazanta kaɗai ke korar mu ba, har da ƙofa marar sakata da samari a zaune a bakin hanya. A ajiye bokiti mai murfi na audugar mata, in ba haka ba rami za a jefa ya toshe.

Mai gidan wanka da bahaya:
Alhaji, sana'ata ce, bari in gaya maka gaskiya. Gayya takan gina, ba ta riƙewa. Ku ɗauki mutum biyu ku yanka musu albashi, ku sa kuɗin shiga. Wajen wanki, idan ruwan bilic ɗinku mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari ne, kofi ɗaya a kofi shida na ruwa ya isa. Kada a kuskura a haɗa shi da Harpic, hayaƙin yana shaƙe mutum. A saya wa masu wankin safar hannu da takalmin roba.

Wani malamin tsangaya:
Ban yarda da kuɗin shiga ga kowa ba. Almajirin da bai karya ba, ina zai samo naira hamsin? Bayan katangar zai koma, ƙudan kuma kan naman kowa zai sauka.

Tsohon duba-gari:
Allah gafarta Malam ya faɗi gaskiya, kuma tana da magani. Kowace rumfa ta riƙa ba da wani abu a mako, baƙi su biya a ƙofa, yara da almajirai da gajiyayyu su shiga kyauta. Sai dai a liƙa lissafi a bango duk ƙarshen wata, abin da ya shigo da abin da ya fita, don zargin cin kuɗi ne yake rusa irin wannan kwamiti, ba talauci ba. A kwamitin ku sa mai unguwa, liman, sarkin pawa da mata biyu aƙalla. Ku rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma takarda cewa ƙungiya ta karɓi kula da wurin, kada ranar da ya fara kawo kuɗi wani ya fito ya ce nasa ne. Maƙwabtanmu Jigawa, da aka ayyana a 2022 a matsayin jiha ta farko da ta rabu da bahaya a fili, da masu unguwanni da kwamitocin gari suka yi aikin.

Sakatare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Maganar mace a ɓangaren mata wallahi ba ta taɓa zo mana ba, saboda duk zamanmu maza ne zalla. Gobe bayan Azahar zan samu sarkin pawa, shi ne warin ya fi damu, shi zai fi saurin sa hannu a aljihu. Mai gidan wanka, nawa kake biyan yaranka a wata, kuma sau nawa suke wankewa a rana?