Mujiyar da ta ƙare a Niyuzilan da jar laimar kwaɗi, me ya haɗa su?

Umman Fahad (Jidda):
Salamu alaikum 'yan uwa. Yarona ne aka ba shi aikin gida a madarasa, wai ya kwatanta wata mujiya ta Niyuzilan da ta ƙare a duniya da laimar kwaɗin nan ja mai ɗigo-ɗigon fari. Tun bayan isha'i muke kai wlh ni ban ga haɗin tsuntsu da laimar kwaɗi ba. Dan Allah a taimaka.

Abu Sumayya (Makka):
Wa alaikumussalam Hajiya, ai akwai haɗi sosai, ƙasa ɗaya ce ta haɗa su. Mujiyar, mutanen Maori 'yan asalin ƙasar suna ce mata whekau, Turawa kuma mujiya mai dariya saboda kukanta. A ƙasa take ƙwai cikin kogunan duwatsu, to da Turawa suka kai zomaye suka addabi makiyayan tumaki sai a shekarun 1880 aka shigo da wasu dabbobi masu kama da tunku wai su cinye zomayen, su kuwa suka koma kan ƙwai da 'yan tsaki, ga kyanwoyi kuma. Ta ƙarshe da aka tabbatar a 1914 aka tsinci gawarta a yankin Kantabari. Abin da tausayi, tsuntsuwar da ba ta taɓa sanin irin waɗannan maƙiyan ba.

Ita kuwa laimar baƙuwa ce can, ta bi itatuwan fain da aka kai daga waje, yanzu har dazukan asali ta kutsa. Wadda kike gani a sama kamar 'ya'yan itace ce kawai, ainihin jikinta zare-zare ne a ƙasa manne da saiwar bishiya, irinta kuma kamar ƙura iska ke ɗauka. Amma ki ja kunnen Fahad, guba ce.

Ɗan Hafar:
Baba Abu Sumayya ka tuna min da faga'i, wanda ake tonowa a sahara a ci! Dangin laimar kwaɗin ne ai. In aka samu ruwan wasmi, wato na farkon damina, da kyau muna fita sahara da sassafe muna duba inda ƙasa ta ɗan tsage ta kumbura, a tona a hankali da wuƙa, irin da ake kira zubaidi, fari tas, shi ya fi tsada. Shi ma sai kusa da ciyawar ragrug yake fitowa.

Umman Fahad:
Allah ya saka da alheri. Da na karanta masa zancen 1914 sai ya yi shiru, ya ce Umma to wa ya ji kukanta na ƙarshe? Gobe in sha Allah zai kai aikin.