Shirin Jarrabawar Bayoloji kan Tunanin Kimiyya: Abin da Aka Tattauna

Jama'a, ga abin da na tattaro daga shawarwarin da aka bai wa ƙannenmu 'yan ajin farko na jami'o'in da ke Akoka da Ojo a Legas.

1. Kowa ya yarda haddar ma'anoni kaɗai ba ta fid da kai. Gwaji za a ajiye maka a ce ka feɗe shi: me aka canza, me aka auna, wane rukuni aka bari don kwatance?

2. An fi nanata gwajin da Francesco Redi, masanin kimiyya ɗan Italiya, ya yi a 1668 don ganin ko nama ne ke haifar da tsutsa da kansa. Ya sa nama a tuluna, wasu a buɗe, wasu ya rufe da ƙyalle mai raga. Naman buɗaɗɗun ne kawai ya yi tsutsa, don nan ƙuda ya samu sauka. A ganina a daɗe a kan wannan, har sai an gane dalilin rufe wasu tulunan.

3. Hasashe dole ya zama wanda gwaji zai iya ƙaryatawa. Kuma faruwar abu biyu tare ba ta nuna ɗaya ne ya jawo ɗayan.

Inda aka rabu shi ne karatun rukuni. Wasu sun yaba shi, amma masu tasowa daga Agege sun ce cunkoson hanya na cinye lokacin, gara su zauna gida da tsoffin tambayoyi.