Neman shawara: takun tafiya ya ɓata min bayanan EEG

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ina digiri na biyu kan aikin ƙwaƙwalwa lokacin tafiya. Na ɗauki EEG (awon wutar ƙwaƙwalwa daga fatar kai) na mutum 18 da hula mai elektirod (ƙananan ƙarafan da ke ɗaukar wutar) 64, kowa minti 6 a kan tiredmil (na'urar tafiya a wuri ɗaya), mita 1.2 a daƙiƙa. Wata bakwai na yi ina jiran izinin bincike, na'urar ta aro ce an riga an karɓe, wasu daga cikin mutanen sun kammala karatu sun bar gari, malamina kuma yana son babi na huɗu ƙarshen wata. Duk sanda dunduniya ta taɓa ƙasa sai layukan su yi tsalle. Ina ganin tsini a 1.9 Hz (wato sau 1.9 a daƙiƙa), sai 3.8, sai 5.7, har wajen 12. Na tace daga 0.1 Hz, na yi ICA (lissafin da ke rarraba bayanan sassa-sassa bisa tushensu) a manhajar EEGLAB, ICLabel mai tantance sassan ta ce sassa uku kacal ne na ƙwaƙwalwa. Igiyar ƙwaƙwalwa mai suna tita (theta) nake son aunawa, 4 zuwa 8 Hz. Yaya zan yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malama, ba ki faɗi abu mafi muhimmanci ba: yaya wayoyin suke lokacin ɗauka? In suna lilo a bayan mutum, daga nan yawancin dattin ya fito. Tsinin 1.9 yawan takunsa ne a daƙiƙa, sauran ninkinsa ne, kuma 5.7 da 7.6 sun zauna daidai cikin titar da kike nema. A sake ɗauka kawai. A tattara wayoyi a ɗaure su dunƙule ɗaya, amfilifaya a jakar baya a matse, a ɗora raga mai roba a kan hular, a rage gudu zuwa 0.8.

Mai tambaya: Na ɗaure su da salatif a kafaɗa. Sake ɗauka ba zai yiwu ba, na yi bayani a sama.

Dokta: Ƙanwata, kafin a yanke ƙauna gyara tacewar. 0.1 Hz ta yi ƙasa ga ICA, jan layi a hankali da gumi ke jawowa shi zai cinye lissafin. Yi kwafi biyu. Na farko ki tace shi daga 1.5 ko 2 Hz, ki cire 50 Hz na wutar lantarki da Zapline, ki jefar da elektirod ɗin da suka lalace, ki yi ASR (hanyar share datti daga bayanan) da k, wato ma'aunin tsananinta, tsakanin 20 da 30, sannan AMICA, wani nau'in ICA. Sai ki ɗora sakamakon a kan kwafi na biyu wanda ba a tace sosai ba. In kin cike gurbin elektirod 5 kuma kin koma auna kowane elektirod da matsakaicin dukansu, ki gaya wa ICA sassa 58 za ta nema ba 64 ba, in ba haka ba za ta ƙirƙiro sassan bogi. Minti 6 ma ya yi kaɗan: 64 sau 64 sau 30 ya haura samfur 122,000, wato fiye da minti 8 in ana ɗaukar samfur 250 a daƙiƙa. Kin ɗauki na tsaye cik? Haɗa shi ciki.

Ɗan ƙungiya: Me zai hana a yanke 1.9 da ninkinsa da matata mai siririn baki?

Injiniya: A'a. Taku ba agogo ba ne, yana ɗan sauyawa daga ɗaya zuwa na gaba, kuma za ka huda titar gida biyu. Dokta, ASR ɗin ma yana kama abin da ya zo kwatsam ne. In da bayanan tafiya aka saita shi, zai ɗauki dattin taku a matsayin lafiyayyen abu ya bar shi. A 2015 ɗakin binciken Daniel Ferris a Jami'ar Michigan ya sa wa mutane hular ninkaya ta silikon ta tare wutar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, aka ɗora elektirod a sama suka yi tafiya. Dattin ya fito, ya bambanta daga elektirod zuwa elektirod, daga mutum zuwa mutum, kuma ma'aunin girgizar kai bai bi shi daidai ba. Shi ya sa suka koma hula mai hawa biyu, ta saman tana ɗaukar datti zalla, manhajar iCanClean ta cire shi daga bayanan ta ƙasan.

Malama mai nazarin tafiya: Abin da ke ba ni takaici a fannin nan, takarda za ta ce an yi ASR ba za ta faɗi k ba, ba za ta faɗi sassa nawa aka zubar ba, ɗalibi ya rasa abin bi. Ke dai kada ki cire matsakaicin zagayen taku daga bayanan, domin abin da ƙwaƙwalwa ke yi daidai da taku zai tafi tare da shi. Ki duba kowane sashe da idonki: wanda ƙarfinsa ke hawa sama da 20 Hz kuma yana ƙeya, tsokar wuya ce. Da me kika san lokacin da dunduniya ke sauka?

Mai tambaya: Daga bidiyo na ƙirga. Na tsaye minti ɗaya ne, ga mutum 11 kawai. Kuma 0.1 ɗin ba da ka na zaɓa ba, abin da littafin ERP (nazarin martanin ƙwaƙwalwa ga abin da aka gani ko aka ji) ya ce ke nan.

Dokta: Wancan na mutumin da ke zaune ne. Minti ɗayan zai iya saita ASR ga mutum 11 ɗin.

Injiniya: Bidiyo mai hoto 30 a daƙiƙa kuskuren milisakan 33 ne, in ma an daidaita agogonsa da na EEG. An daidaita? Ko ki sake ɗauka, ko ki bar tita ki koma igiyoyin alfa da beta da ke sama da ita, inda ninkin taku ya yi rauni.

Mai tambaya: Tita ce a takena, an riga an amince da shi. Sauran mutum 7 ɗin da ba su da na tsaye fa, in saita su da na wani?