Rajistar zaɓe ga 'yan shekara 16 a Amurka: yaya abin yake?

Ummu_Khalil:
Assalamu alaikum. Na ji ana cewa a wasu jihohin Amurka ana yi wa yara 'yan shekara 16 rajistar zaɓe, alhali sai an kai 18 ake jefa ƙuri'a. To mene ne amfanin yin ta da wuri haka? Kuma me zai hana yaron ya shiga layi ranar zaɓe tunda sunansa na cikin rajista? Masana ku taimaka.

Malam_Dokoki:
Wa alaikumus salam Hajiya. Sunan nasa bai shiga rajistar da ake zaɓe da ita ba tukuna. Yaro zai cike fom irin na manya: suna, adireshi, ranar haihuwa, lambar lasisin tuƙi ko lambobi huɗu na ƙarshen lambarsa ta Social Security (lambar shaida da gwamnatin tarayya ke bayarwa), sai sa hannu da rantsuwar cewa shi ɗan ƙasa ne. Ofishin zaɓe na gunduma zai tantance, ya ajiye sunan a jerin masu jira. Ranar da ya cika 18 sai kwamfuta ta mayar da shi cikakken mai zaɓe. In dai ba zai kai shekarun zaɓe ba a ranar zaɓen, ba a buga sunansa a littafin rumfa, ba a kuma aika masa takardar ƙuri'a ta gidan waya.

Shekara 18 ɗin ta fito ne daga gyara na 26 na tsarin mulki, na 1971, amma kowace jiha ke tsara rajistarta. Hawai ta fara karɓar 'yan 16 tun 1993. Kaliforniya, Fulorida, Kolorado da Merilan duk suna yi, Niyok ta fara a Janairun 2020. Jojiya sai 17 da rabi, Teksas 17 da wata 10. Dakota ta Arewa ba ta rajistar masu zaɓe ma sam.

An zaɓi 16 ne saboda lokacin ne yawancin yara ke zuwa karɓar lasisin tuƙi, kuma dokar tarayya ta 1993 ta wajabta wa ofisoshin lasisi su riƙa ba mutane damar rajista. Idan aka bari sai 18, yaro ya gama sakandare, ya bar gida, babu mai tuna masa.

Binta_Sakatariya:
Malam ya yi bayani. Bari in ƙara inda abin ke lalacewa, domin nan iyaye ke buƙatar lura.

Babbar matsala adireshi. An yi rajista yaro na gidan iyayensa, bayan shekara biyu yana jami'a a wata gunduma ko wata jiha. Rajistar ba ta binsa zuwa wata jiha, sai ya yi sabuwa a can, ko ya nemi ƙuri'ar gidan waya daga jiharsu. Yara da dama sai ranar zaɓe suke gane haka.

Sai sa hannu. A jihohin da ake aika wa kowa ƙuri'a ta gidan waya, ana gwada sa hannun da ke kan ambulan da wanda ke cikin fayil. Sa hannun ɗan 16 da ya yi da yatsa a kan allon na'ura ba safai yake kama da na ɗan 18 ba. Idan suka saɓa ana ajiye ƙuri'ar a sanar da mai ita. A Kolorado yana da kwana 8 bayan zaɓe ya gyara, in ya yi sakaci ta tafi.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na 'yan'uwanmu baƙi. Yaron da ke da katin zama na dindindin amma bai zama ɗan ƙasa ba, kada ya kuskura ya cike fom ɗin, ko da malaminsa ne ya raba a aji. Cewa kai ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba ne laifi ne da zai iya hana ka takardar zama ɗan ƙasa, har ya kai ga kora. Ku ja wa yara kunne su karanta tambayar farko ta fom ɗin, ta ko kai ɗan ƙasa ne, da kyau.

Dan_Asabe:
Yaya Binta, amma ai na ji 'yan 17 na zaɓe a Ohayo.

Malam_Dokoki:
Wannan dabam ne. Ohayo da wasu jihohi na barin ɗan 17 ya zaɓi 'yan takara a zaɓen fidda gwani in dai zai cika 18 kafin babban zaɓe. Kaliforniya ta nemi yin haka a ƙuri'ar raba-gardama ta 2020, jama'a suka ƙi. Kuma dokokin na sauyawa: Karolina ta Arewa ta soke rajistar 'yan 16 a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta maido da ita a 2016. Don haka a duba shafin hukumar zaɓen jiha kafin a dogara da abin da aka ji.

Ni ina ganin tsarin na da amfani, kuma a gida ma mun ga giɓin da yake toshewa. INEC ta rufe rajista ranar 31 ga Yulin 2022, aka yi zaɓen shugaban ƙasa 25 ga Fabrairun 2023. Duk wanda ya cika 18 a tsakanin watannin nan ya cancanci zaɓe amma ba shi da kati. Sai dai Hajiya, tsarin ya dogara ne kacokan kan ingancin ranar haihuwar da ke cikin fayil. Inda takardar haihuwa ba ta da tabbas, jerin masu jira zai zama ƙofar shigo da yara.