Echoes na The Rapture: me ya raba masu sharhi da masu saurare?

Mai_faifai: Jama'a, a fayyace mani wani abu. Pitchfork, shafin sharhin waƙoƙi na intanet, ta ba Echoes, kundin ƙungiyar mawaƙa ta The Rapture, matsayi na ɗaya cikin kundayen waƙoƙin 2003, amma har yau wasu masoya dance-punk (salon da ke haɗa kiɗan rock mai zafi da kiɗan rawa) cewa suke waƙa ɗaya ce tak a ciki, wato "House of Jealous Lovers", sauran cikon benci. A ina gizo ke saƙar?

Ɗan_kiɗa: Malam, lokaci ne ya fara cutar kundin. "House of Jealous Lovers" ta fito tun 2002 a faifai mai inci 12, ƙarƙashin DFA, kamfanin James Murphy da Tim Goldsworthy a New York. Kundin kuwa sai wajen ƙarshen 2003, bayan ƙungiyar ta ƙulla yarjejeniya da babban kamfanin faifai na Universal, kuma ya riga ya ɓulla a intanet watanni kafin a sake shi. Kafin nan ƙungiyoyin Liars da Radio 4 da "!!!" duk sun cika kunnen mutane da salon. Masu sharhi sun auna kundin a kan kansa, masoya kuma sun auna shi da dogon jiran da suka sha.

Bugun_huɗu: Haka ne, amma jerin waƙoƙin ya fi jinkirin laifi. Duba abin da ya sa "House of Jealous Lovers" ta kama gidajen rawa: ganga mai bugu ɗaya ba sauyi, bas (jita mai kaurin sauti) a gaba yana jan waƙar, jita tana yanka gajeru-gajeru ba ta cika fili, ga ƙararrawar ƙarfe tana riƙe da lokaci. Wanda ya sayi kundin irin wannan yake nema a duk waƙoƙinsa 11.

Me ya tarar? "Olio" ce ta buɗe, da injin ganga da sautin lantarki mai sanyi. Ta uku, "Open Up Your Heart", a hankali take tafiya da fiyano, ta kashe zafin da ta biyu, "Heaven", ta fara tarawa. Waƙar da kowa ya zo dominta sai a ta shida. A rufe kuma da "Infatuation", wadda ba mai taka rawarta. Ga mai sharhi wannan faɗin hannu ne, shaida ce cewa yaran ba hanya ɗaya suka iya ba. Ga DJ kuwa asara ce, gara masa faifan inci 12, wanda layinsa ya fi faɗi, bas ya fi fitowa da ƙarfi. A ganina duka biyun suna da gaskiya, sai dai sa waƙa mai sanyi a ta uku kuskure ne.

Kunne_biyu: Kun manta muryar Luke Jenner, mawaƙin ƙungiyar. Siririya ce, tana hawa sama har ta karye. An yi ta kwatanta shi da Robert Smith, mawaƙin ƙungiyar The Cure, jitar kuma da ta ƙungiyar Gang of Four. Masu suka suka ce kwaikwayon kiɗan da waɗannan ƙungiyoyi suka yi a 1979 ne da sabon fenti.

Mai_faifai, gwada wannan: fara daga ta huɗu, "I Need Your Love", ka tafi har ta tara, "Sister Saviour", a lasifika mai fitar da bas. A lasifikar waya bas ɓacewa yake, a bar ka da ihu da ƙararrawa kawai.